Babanmu ne ya kashe kansa, an ce wai ba a masa addu'a

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah a sakaya sunana. Wata takwas kenan da rasuwar Babanmu kuma shi ya kashe kansa, amma a gida an ce duk wanda ya tambaya a ce hawan jini ne. Tun da ya samu karayar arziki a kasuwa ya dena fita majalisa, abinci ma sai an yi da gaske, sai ya zauna a zaure shi kaɗai har dare mu kuma muka ɗauka tunanin bashi ne zai wuce. Ranar da abin ya faru ya kira ni sau biyu ina lakca ban ɗaga ba. Wlh har yau bana iya bacci, wayarsa tana wajena kullum sai na sa ta caji ban ma san dalili ba, wani lokacin haushinsa nake ji sai kuma in ji kunyar kaina. Kuma ƙanwar Mama ta ce ba a yi wa irinsu addu'a. Da gaske ne? Ya zan yi?
Daga wata ɗaliba, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Baba ya yafe masa, kin ga ni ma na yi masa, dan maganar ƙanwar Mamanki ba haka take ba. Eh laifi ne babba a addini babu mai musun wannan, amma bai fitar da mutum daga Musulunci ba, shi ya sa jumhurun malamai suka ce a masa wanka a masa sallah a binne shi cikin Musulmi. A Sahihu Muslim akwai labarin wani mutum da ya yi hijira tare da Ɗufailu bin Amr, ciwo ya tsananta masa a Madina ya kasa jurewa ya yi sanadin mutuwar kansa, Ɗufailu ya gan shi a mafarki, mutumin ya ce Allah ya gafarta masa saboda hijirarsa, kuma Annabi (SAW) da kansa ya ƙara roƙa masa gafara. Ki duba Suratun Nisa'i aya ta 48 ma. To wa ya isa ya rufe ƙofar da Allah bai rufe ba? Ki masa addu'a ki masa sadaka, in da hali ku rage masa bashin nan.

Sai kiran wayar, dan na san shi ne yake cin ki. Abin da kika lissafa, dena shiga mutane, ƙin abinci, zaman shiru, alamomin ciwon damuwa ne, ciwo ne sosai kamar suga, mu ne dai muke kiransa tunani ko sammu ko rashin tawakkali, balle namiji magidanci da aka koya masa ba a kuka ba a faɗin ciwon zuciya. Ciwon da ya yi watanni yana cin mutum ba kira biyu ne suka yanke hukuncinsa ba. Yanzu da kika san ƙarshen labarin komai ya zama alama, ran nan kuwa ke ɗaliba ce a aji waya ta yi ƙara, shikenan. Haushin ma kar ki ji kunyarsa, kusan duk wanda aka bari a irin wannan hali yana jinsa, kuma baya hana so.

Batun hawan jini, ban ga laifin Mama ba gaskiya, mutanenmu da baki, gobe a ce kar a auri 'yar gidan, ga shi har dokar Penal Code ta Arewa ta ɗauki yunƙurin kashe kai laifi, Ghana dai ta soke irin wannan tun 2023. Ba dole sai unguwa ta sani ba. Amma a cikin gida shirun nan yana da illa, ki samu Mama ku biyu a ɗaki ki ce mata Mama ina kewar Baba, ba mamaki ita ma kuka take a banɗaki dan kar ku gani.

Wata takwas babu bacci ya isa a ga likita, ba hauka ba ne. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika nan kusa da ke, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Kuma zan faɗa miki kai tsaye, 'ya'yan da suka rasa iyaye ta wannan hanyar tunanin kashe kai yakan fi saurin zuwa musu, in ya taɓa zuwa miki ko kika ga wani cikin ƙannenki ya fara irin shirun Baba, a ranar ki faɗa wa babba a tafi asibiti, kar a jira gari ya waye.

Wayar kuma ki ci gaba da cajinta abinki, ba ta tsare wa kowa komai ba. Ki sake rubuto min bayan kin ga likitan.