Gram nawa ne a kofi ɗaya na busasshen adas?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Mahaifiyata tana da ciwon suga, a asibiti an ba mu takardar abinci an rubuta adas gram 100. Ba mu da sikeli a gida, sai kofi da gwangwanin madara. Yaya zan auna? Wallahi ina tsoron kada in riƙa ba ta fiye da kima.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya.

Lita ɗaya ta busasshen adas, wato ƙananan ƙwayoyin nan dangin wake, tana ɗaukar wajen gram 800. Ke nan kofin awo mai mililita 240 yana cin gram 190 zuwa 200, rabinsa gram 100, kilo guda kuma kofi 5 ne da ɗan ɗoriya. Babban cokali yana ɗaukar gram 12. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa yana ɗaukar adas gram 120 zuwa 135, ya danganta da kamfani. Jan adas ɓararre da mai ruwan ƙasa ba su da wani bambancin a zo a gani wajen awo. Duk wannan a shafe ne: ki cika, ki share bakin da bayan wuƙa, kada ki tula yadda masu awo ke yi a kasuwa. Idan ba ki san girman kofinki ba, fasa ledar ruwa mai 50cl ki zuba. In ta cika shi sau biyu cif, mililita 250 ne, ya yi.

Amma kafin ki ɗauki kofi, ki koma ga takardar nan. Gram 100 na busasshe ake nufi ko na dafaffe? Nan ne mutane ke faɗawa rami kullum, kuma masu rubuta takardun suna da nasu laifin, domin kalma ɗaya ce suke ƙyashin ƙarawa. Adas yana shan ruwa sosai, kofi ɗaya busasshe yana komawa kofi biyu zuwa biyu da rabi bayan dahuwa. Gram 100 na busasshe yana ɗauke da sitaci wajen gram 60, na dafaffe kuwa gram 20 kacal. Idan likita dafaffe yake nufi ke kuma kika auni busasshe, kin ba Mama ninki uku ke nan, suga ya hau, a zo ana zargin magani. Akasin haka ya fi muni ga mai allurar insulin: an lissafa allura a kan gram 60, ta ci 20, sai suga ya faɗi, ga gumi, ga rawar jiki, wani lokaci har suma. Saboda haka ki tambayi wanda ya rubuta, kada ki yi kirdado. In dafaffe ne, gram 100 rabin kofi ne bayan an tsane ruwan, wato abin da cokali 3 zuwa 4 na busasshe zai bayar.

Sai kuma masu tura saƙo a WhatsApp cewa adas maganin suga ne, a ci iya ci, har wasu na cewa a ajiye ƙwayar magani. Ƙarya ce. Gaskiya yana ɗaga suga a hankali fiye da farar shinkafa ko burodi saboda harzar da ke cikinsa, amma abinci ne, sitacinsa yana nan. Wanda ya turo saƙon ba shi zai kwana a asibiti da Mama ba.

Wajen dahuwa, ki tsince tsakuwa, ki auna, sannan ki wanke, domin jiƙaƙƙe ya riga ya kumbura, awonsa ya tashi daga aiki. Kofi ɗaya na adas, kofi 3 na ruwa. Ja yana narkewa cikin minti 15 zuwa 20, mai ruwan ƙasa yakan kai 30. Ba ya buƙatar kanwa. Idan an haɗa shi da shinkafa ko burodi, sitacinsu ma sai ya shiga lissafi.