Amsa: yadda ake gano dajin zamanin da daga lakar tafki

Ɗan'uwa ka tambaya wai ya ake sanin irin dajin da ke wuri shekaru dubbai baya, to amsar na cikin lakar ƙasan tafki. Ƙurar furanni na faɗawa ruwa ta nutse laka ta binne ta, bawonta kuma baya ruɓewa da wuri, sai masana su cusa dogon bututu su zaro lakar su duba ta sala-sala, kowace bishiya da kamannin ƙurarta, shekarun kuma a auna da kabon-14, wato wani sinadari da ke raguwa a hankali cikin ragowar abu mai rai bayan ya mutu. A tafkin Barombi Mbo na Kamaru haka aka gano wajen shekara 2,500 baya dajin ya ragu sosai, ciyawa ta yawaita. Fari ne ko hannun mutane? Har yau ana musu, ni dai na fi zargin sauyin damina.