Amsa ga ɗan ƙanena kan ƙwayar da aka miƙo masa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a wani taron abokai can Ingila an miƙo maka ƙwaya, wai ekstasi, ka ƙi karɓa, mai gidan ya ɓata rai. Shi ne kake tambaya ko ka saɓa wa tarbiyyar da muka yi maka, tunda mun ce ba a mayar da hannun kyauta baya.

Ba ka saɓa ba. Wallahi da na karanta sai da na yi hamdala. Abin da ya sa ake karɓar kyauta shi ne mai bayarwa ya san abin da ke hannunsa, kuma alheri yake nufinka da shi. Shi abokin naka bai san abin da ke cikin ƙwayar ba. Wanda ya sayar masa ma sau da yawa bai sani ba.

Ita ekstasin kanta, wadda likitoci ke kira MDMA, tana kisa. To akwai wani sinadari, PMMA, da ake bugawa da kama ɗaya a sayar da sunanta, kuma ido ba ya rarrabewa. Muguntarsa a jinkiri take. Mutum ya haɗiya, ya jira abin da ya saba ji, shiru, sai ya ɗauka mai rauni aka ba shi, ya ƙara ta biyu. Alhali kaɗan daga cikinsa ya isa guba. Yana hana jiki rage wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna serotonin, ya taru fiye da ƙima. Daga nan zafin jiki ya wuce digiri 40, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, tsokoki su sandare, farfaɗiya ta biyo baya, ƙoda ta tsaya. A ɗaki mai cunkoso ana rawa ana gumi, wa zai lura da wuri?

A ƙasar da kake zaune abin ya faru. Tsakanin ƙarshen Disamba 2014 da farkon Janairu 2015 an rasa mutane a garuruwan Ipswich da Telford bayan sun sha ƙwayoyi masu tambarin Superman, aka gano PMMA a ciki. Hukumomin Holan sun riga sun yi gargaɗi a kan irinsu kwanaki kaɗan kafin nan. Duk 'ya'yan wasu ne, ɗana, iyayensu na jiran dawowarsu.

Na fi so ka nisanci irin wannan zama gaba ɗaya. Amma in Allah Ya ƙaddara ka ga wani jikinsa ya ɗau zafi rau, ya ruɗe, haƙora sun datse, kada kunya ko tsoron 'yan sanda ya riƙe ka. Kira 999, lambar neman agajin gaggawa, nan take. Ka fitar da shi inda iska take, ka rage masa kaya, ka jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, amma kada a ɗura masa ruwa da yawa, shi ma yana da illa. Masu agaji na zuwa, ka faɗa musu abin da ya sha da lokacin da ya sha.

Shi kuma abokin naka, ka same shi ku biyu, ka gaya masa wannan cikin mutunci. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ka kira ta ranar Juma'a.