Amsar tambayarka a kan saƙon da ke isowa a manne ko a yanke

Ɗana, na karanta saƙonka, na kuma buɗe kod ɗin da ka turo. Ka ce ka rubuta 'yar manhajar hira da Python, sabar mai jiran a haɗu da ita da kilayan mai neman haɗuwa, tana aiki lafiya lau muddin duka biyun suna kan laftof ɗinka. Da ka mayar da kilayan ɗin kan kwamfutar abokinka sai abubuwa suka dagule: da farko ta ƙi haɗuwa, da ta haɗu kuma sai saƙo biyu su iso a manne, ko dogon saƙo ya iso rabi, wani lokaci ma manhajar ta faɗi da UnicodeDecodeError. Ga kuma mutum na biyu da sai ya jira na farko ya fita kafin sabar ta kula shi. Kana tambaya ko netwok ɗin ne ba shi da kyau.

Netwok ɗin lafiyarsa ƙalau. Abin da aka gina shi ya yi, shi yake yi.

Maganar ƙin haɗuwa gajeriya ce, bari in kawar da ita. Ka yi bind, wato ka ɗaure sabar, a kan 127.0.0.1, wannan adireshi kuwa ma'anarsa "ni kaina" a kowace kwamfuta, abin da aka aika masa ba ya ma fita ta katin netwok. Sabar da ke saurare a nan ba za ta taɓa jin na waje ba. Ka sa 0.0.0.0 a bind, shi kuma kilayan ka ba shi adireshin da rauta ko hotsifot ta bai wa kwamfutar sabar, irin mai farawa da 192.168 ɗin nan. Ka kuma koyi bambance ƙin haɗuwa iri biyu, domin kowanne akwai abin da yake gaya maka. In ka ga Connection refused nan take, kwamfutar ta ji ka, ta amsa cewa babu mai saurare a wannan fot ɗin, wato lambar ƙofar da ka ƙwanƙwasa. In kuwa ya yi shiru har lokaci ya ƙare, mafi yawanci katangar tsaro ce ke zubar da ƙunshin bayanan da ka aika, ko adireshin ne ba daidai ba. Fot 5000 da ka zaɓa ba laifi. Lambobin suna tsayawa a 65535, na ƙasa da 1024 kuma a Linux sai mai ikon shugaba, don haka ka bar su.

Yanzu ga inda aikin yake. A kod ɗinka ka kira send sau ɗaya a wannan gefe, ka kira recv sau ɗaya a wancan, ka ɗauka abin da ya shiga a dunƙule zai fita a dunƙule. TCP, tsarin da ke kai bayanan tsakanin kwamfutocin biyu, bai taɓa yi maka wannan alkawari ba. Alkawarinsa shi ne bayit ɗin da ka zuba, wato ƙwayoyin bayanan, za su isa da jerinsu, ba ragi ba maimaici, in kuma abin ya gagara haɗin zai mutu da kuskure. Bai san wani abu wai shi saƙo ba. Ka ɗauka bututun ruwa ne: ka zuba bokiti ɗaya, ka ƙara na biyu, wanda ke ɗaya bakin zai tari ruwan duka, amma babu abin da zai nuna masa inda bokitin farko ya ƙare. Yana iya tarar rabin bokiti, yana iya tarar ɗaya da rabi a tashi guda.

Shi ya sa ka aika "Sannu" ka bi shi da "Ina kwana", sabar ta buga maka "SannuIna kwana". Kafin ta waiwayo ta kira recv, duka biyun sun riga sun taru a ma'ajin da tsarin kwamfuta ke ajiye wa soket ɗin, wato bakin bututun da ke wajenta, sai ta kwashe su tare. A gefen mai aikawa ma ana iya haɗa su tun kafin su tashi, saboda dabarar da John Nagle ya kawo a 1984, wadda ke riƙe ƙananan bayanai na ɗan lokaci in akwai na baya da ba a tabbatar da isarsu ba, don kada hanya ta cika da 'yan mitsi-mitsin ƙunshi. Za ka ji wasu na cewa ka kunna TCP_NODELAY ka huta. Wannan yana kashe riƙon, amma bai hana su taruwa a gefen mai karɓa ba, saboda haka bai warkar da ciwonka ba.

Yankewar kuma ɗaya fuskar abin ce. Lambar 1024 da ka rubuta cikin recv iyaka ce, kana cewa kada a ba ka fiye da haka. Ba ta nufin a jira sai sun cika. Ko bayit 3 ne suka iso, su za a miƙo maka. Na ga ka ɗaga lambar zuwa 4096 kana fatan a dace, kuma ba za a dace ba, domin a netwok irin na Ethernet ƙunshi ɗaya ba ya wuce bayit 1500, in an cire kanun IP da na TCP saura 1460. Saƙo mai bayit 3000 dole ya rabu uku a hanya, kuma ba lallai gutsattsarin su iso a lokaci guda ba. A kan laftof ɗinka ba ka ga haka ba saboda hanyar cikin gida ba ta da jinkiri, kuma a Linux tana ɗaukar har 65536 a ƙunshi guda. Kuskuren yana nan tun ranar farko, wurin gwajin ne ya rufa masa asiri.

Faɗuwar da ta fi ɗaure maka kai daga nan ta fito. A UTF-8, tsarin mayar da haruffa bayit, harafi irin a ko b bayit ɗaya ne, amma ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 ne. Harafin ƙ ana rubuta shi C6 99. In yankan ya faɗo tsakanin C6 da 99, kai kuma ka yi decode, wato mayar da bayit rubutu, a kan gutsuren farko, Python zai ga rabin harafi ya ƙi. Shi ya sa kake ganin abin jefi-jefi, kuma sai a dogon rubutun Hausa. Kada ka yi decode sai saƙo ya cika a hannunka.

To ta yaya za ka san ya cika? Kai ne za ka shata iyakar, wannan shi ne ainihin aikin mai rubuta manhajar netwok. Hanya biyu aka fi bi. Ko ka zaɓi alama ta ƙarshen saƙo, kamar alamar sabon layi, ka riƙa tara abin da ya iso har ka gan ta, ka yanke a nan, ka adana ragowar domin farkon saƙo na gaba ne. Haka SMTP na aika imel ke yi da umarninsa. Ko kuma ka fara faɗin tsawon saƙon kafin saƙon, kamar yadda HTTP ke yi da Content-Length. Ni ta biyun na fi so maka, saboda gobe za ka so aika hoto ko fayil, su kuwa kowace irin bayit na iya fitowa a cikinsu, har da wadda ka zaɓa ta zama alama.

A gefen aikawa, ka fara encode, wato mayar da rubutun bayit, sannan ka auna. Wannan jerin yana da muhimmanci: kalmar "ƙasa" harafi 4 ce amma bayit 5, in ka auna kafin encode ka yi wa mai karɓa ƙarya da bayit ɗaya, duk saƙon da ya biyo baya kuma ya goce. Ka sa tsawon cikin bayit 4 da struct.pack("!I", len(jiki)). Alamar motsin rai ɗin nan tana nufin jerin da aka amince da shi a netwok, babbar bayit a gaba, don kwamfutoci ba duka suke jera lamba iri ɗaya ba. Ka aika da sendall, domin send shi ma yana iya ɗaukar wani ɓangare kawai ya dawo maka da adadin da ya ɗauka.

A gefen karɓa kana buƙatar wannan:

def karbi_daidai(s, adadi):
    tari = b""
    while len(tari) < adadi:
        gutsure = s.recv(adadi - len(tari))
        if not gutsure:
            raise ConnectionError("an katse kafin sako ya cika")
        tari += gutsure
    return tari

Ka kira shi da 4 ka sami tsawo, ka sake kiransa da tsawon ka sami jikin saƙon, sannan ka yi decode. Ka dubi layin "if not gutsure" da kyau. In recv ya dawo da fanko, ɗaya gefen ya rufe haɗin ke nan, babu abin da zai ƙara zuwa. A kod ɗinka babu wannan binciken, shi ya sa in abokinka ya rufe tagarsa sabar ke ta juyawa a banza, fankar laftof na ihu.

Akwai abin da nake so ya zauna maka tun yanzu. Lambar tsawon nan daga waje ta zo, kuma ba ka san wanda ya turo ta ba. Bayit 4 na iya ɗaukar lamba sama da biliyan 4. In wani ya ce maka saƙonsa ya kai haka, ka zauna kana tarawa, zai cinye maka ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ka sa iyaka, ko da megabayit 1 ne, wanda ya wuce ka rufe haɗinsa. Ka kuma sa settimeout, saboda in wuta ta ɗauke a wancan gefen ko wayar da ke ba da hotsifot ta mutu, babu wanda zai aiko da sanarwar rufewa, recv zai yi ta jira.

Ba ka tambayi wannan ba, amma na gan shi a hoton allonka: Address already in use in ka kashe sabar ka sake tayar da ita nan take. Gefen da ya fara rufe haɗi yana zama a wani hali da ake kira TIME_WAIT, daƙiƙa 60 a Linux, don kada ƙunshin da ya makara ya faɗa cikin sabon haɗi. Ka sa SO_REUSEADDR da setsockopt kafin bind, shi ke nan. Batun mutum na biyu da ke jira sai na farko ya fita kuwa, ka tuna accept yana ba ka sabon soket ne na wannan baƙon kaɗai, na asalin yana nan yana saurare. Ka miƙa sabon ga zaren aiki na daban da threading, ka koma kan accept. Za mu zo kan select da asyncio, amma ba yanzu ba.

Kada ka raina waɗannan 'yan kiraye-kirayen don ka ga manyan manhajoji sun lulluɓe su. Daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito, cikin tsarin kwamfuta na 4.2BSD a 1983, shekarar da ARPANET, netwok ɗin da ya haifi intanet, ta koma TCP/IP, kuma socket da bind da listen da accept ɗin da ka rubuta jiya su ne har yau a ƙarƙashin Linux da Windows da wayar da ke aljihunka. Ran da ka koma C ko Java ko Go, sunaye za su ɗan sauya, halin bututun ba zai sauya ba.

Kafin ka kawo mini gyaran, ka gwada shi da gangan ta hanya mafi muni. Ka rubuta kilayan da ke aika bayit ɗaya-ɗaya yana ɗan dakatawa da time.sleep tsakaninsu, ka sa jimla mai cike da ƙ da ɗ. Ka rubuta wani da ke watso saƙo 100 a jere ba numfashi, ka ƙirga ko 100 ɗin sabar ta raba. Sannan ka kashe kilayan a tsakiyar saƙo ka ga ko sabar za ta rufe nasa soket ɗin ta ci gaba da sauran. In ta tsallake waɗannan, ka zo da laftof ɗin shago ranar Asabar, mu buɗe Wireshark, manhajar leƙen abin da ke bin netwok, ka ga SYN da SYN-ACK da ACK, gaisuwar buɗe haɗin TCP, da idonka, da yadda saƙonka ke rarrabuwa a hanya.

Allah ya yi maka albarka, ya sa wa hannunka albarka.