Tawali'u, Hidima da Durƙusa wa Wada: Amsar Wasiƙun Masu Karatu

Wasiƙar farko ta zo ne daga wata 'yar'uwa Kirista, ma'aikaciyar jinya, wadda ta taso a Najeriya amma aiki ya kawo ta Bur Sudan. Ta ce a majami'ar da take zuwa da Larabci ake wa'azi, kuma tana yawan jin kalmar "tawadu'u", alhali a Littafi Mai Tsarki na Hausa da ta taho da shi "tawali'u" take gani. Tana so ta san ko kalma ɗaya ce. Ta kuma tambayi dalilin da ya sa littafin yake cewa Almasihu ya ƙasƙantar da kansa, tunda ƙasƙanci a wurin Bahaushe abin gudu ne.

'Yar'uwa, kalma ɗaya ce, bakin Bahaushe ne kawai ya sāke mata kama. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san harafin da muke kira lodi, wanda Balarabe yake furtawa da "d" mai nauyi. Malamanmu na da da "l" suka karɓe shi, shi ya sa muke cewa alƙali, alwala, farilla, lalura, lamiri da lamuni, waɗanda dukkansu da wannan harafin ake rubuta su a Larabci. Mu da muke zaune a Sudan mun fi kowa jin wannan bambanci, domin a kasuwa mukan ce "wudu'u", in mun shiga gida mu ce alwala. Tushen kalmar a Larabci yana nufin ajiye abu ƙasa, saboda haka mai tawali'u shi ne wanda ya sauke kansa daga inda mutane suka ɗora shi. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkensa ya fara fitowa da Hausa a 1932, sun tarar da kalmar ta riga ta zauna daram a bakin malamai da talakawa, don haka ba su da buƙatar ƙirƙiro wata.

Kashi na biyu na tambayarki ya fi nauyi. Gaskiya ne Bahaushe yana ƙin ƙasƙanci, yana haɗa shi da wulaƙanci da cin mutunci. Amma ki duba ginin jimlar da kyau. Idan aka ce "an ƙasƙantar da shi", mai aikin daban ne, wanda aka yi wa daban, kuma wannan zalunci ne ko horo. Idan aka ce "ya ƙasƙantar da kansa", mai aikin da wanda aka yi wa mutum ɗaya ne, ba wanda ya danne shi. Luka 14:11 ya tara ginin biyu a aya guda: wanda ya ɗaukaka kansa za a ƙasƙantar da shi, wanda ya ƙasƙantar da kansa kuwa za a ɗaukaka shi. Musulmi ma suna da hadisi mai wannan ma'ana, cewa ba wanda zai yi tawali'u don Allah face Allah ya ɗaukaka shi. A wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa, sura ta 2, inda kika ga jimlar da ta dame ki, abin da Kirista suka yi imani da shi shi ne Almasihu yana da ɗaukaka tun asali, amma bai riƙe ta kam-kam ba, ya ɗauki siffar bawa da yardarsa. Idan "ƙasƙantar da kai" ya yi miki tsauri a kunne, Hausa tana da "ƙanƙan da kai", wato mai da kai ƙanƙane, kuma ni ita na fi so a maganar yau da kullum, domin ba ta ɗauke da warin wulaƙanci. Kada dai a gauraya ta da kunya ko kawaici. Mutum yana iya sunkuyar da kai a gaban surukansa alhali zuciyarsa cike take da taƙama.

Akwai abin da na gani da idona da ya fassara mini wannan fiye da ƙamus. Kin san al'adar gidajen Sudan: kafin a kawo tiren abinci, ƙaramin yaron gida ne yake zagayawa da buta da tasa da sabulu, yana zuba wa baƙi ruwa a hannu, yana farawa daga babba. Shekarun baya a Hartum, a zaman makokin wani maƙwabcinmu daga cikin Kibɗawa, wato Kiristan cocin Masar, yaron da aka ba butar bai wuce shekara bakwai ba, tasar ta cika tana rinjayarsa, ruwan kumfa yana zuba a kan tabarma. Limamin majami'arsu, dattijo mai furfura cikin baƙar riga, ya miƙe ba tare da ya ce uffan ba, ya karɓi tasar ya zubar a magudana, ya dawo ya rataya tawul a kafaɗa ya ci gaba daga inda yaron ya tsaya. Dattawa suka riƙa janye hannu suna rantsuwa ba za a yi haka ba, shi kuwa yana tsugune yana jiran su miƙo. Daga baya na gane cewa janye hannun nan shi ne abin da Bitrus, ɗaya daga cikin almajiran Yesu, ya yi a Yohanna sura ta 13, lokacin da Yesu ya tashi daga cin jibi, ya yi ɗamara da mayafi, ya zuba ruwa a daro ya soma wanke ƙafafun almajiransa. Aikin baran gida ne a wancan zamani, shi ya sa Bitrus ya ce faufau. Har yau Kibɗawa suna tuna wannan da wankin ƙafa a ranar da suke kira Alhamis ɗin Alkawari, kwana uku kafin idin tashin Almasihu.

Wasiƙa ta biyu daga wani malamin makaranta ce a Gadarif. Yana taimaka wa wani abokinsa Kirista fassara ɗan rubutu zuwa Hausa, sai suka yi saɓani a kan Markus 10:45, inda aka ce Ɗan Mutum, wato Yesu, bai zo domin a yi masa hidima ba, sai domin shi ya yi. Abokin ya so a sa "bauta", shi kuwa ya ga "hidima" ta fi.

Malam, ina bayanka, amma akwai abin lura. Bauta daga bawa take, kuma tana da fuska biyu: bautar Allah, wadda ibada ce, da bautar mutum, wadda mallaka ce. Hidima kuwa aron Larabci ce, kuma a Hausa ta sami daraja. Ana cewa hidimar biki, hidimar baƙi, hidimar iyali, kuma mutum yakan yi alfahari da zama hadimin malaminsa. Tun 1986 sarakunan Saudiyya suke amsa laƙabin Hadimin Masallatai Biyu Masu Alfarma, Paparoma kuma tun zamanin Girigori Babba, wanda ya rasu a shekara ta 604, yake kiran kansa bawan bayin Allah. Kalmar Girkanci da ke cikin ayar da kuke fassarawa asalinta aikin mai kai abinci gaban masu ci ne, kuma daga gare ta aka sami sunan muƙamin nan na masu hidima a ikilisiya, waɗanda Kiristan da ke ibada da Larabci suke kira shammas. A Ayyukan Manzanni sura ta 6 an zaɓi mutum bakwai ne saboda rabon abincin gwauraye mata ya jawo gunaguni. Ka ga ashe muƙamin a madafa aka haife shi.

Abin lurar shi ne kunnen mai karatu na Sudan. A Larabcin ƙasar nan kalmar "khadim", mai tushe ɗaya da hidima, ta daɗe tana nufin baiwa, kuma har gobe zagi ce mai zafi. Ciwon bauta bai gama warkewa a nan ba, kuma bai kamata mai fassara ya yi kamar bai sani ba. Kiristan Sudan suna da misali a tarihin Josefin Bakhita, wadda aka haifa a Darfur wajen 1869, aka sace ta tana yarinya, aka sayar da ita hannu zuwa hannu, ta ƙare a Italiya inda ta sami 'yanci ta shiga ƙungiyar mata masu zaman ibada. Shekaru da yawa ta yi tana dafa abinci tana tsaron ƙofa, ta rasu a 1947, Cocin Katolika kuma ya sanya ta cikin tsarkaka a shekara ta 2000. Aikin da ta yi tana baiwa da wanda ta yi bayan 'yanci ba su da wani nisa a ido, dukkansu aikin gida ne. Na farko bauta ce, na biyu hidima. Saboda haka a wannan aya ku sa hidima, ku bar "bawa" a aya ta 44 da ta gabace ta, domin can kalmar asali bawa take nufi, kuma da gangan aka zaɓe ta don ta girgiza masu neman shugabanci. Idan kuka yi amfani da "bara", ku tuna a rubuce ba a bambanta baran gida da barar almajiri, sai a furucin "r" ɗin.

Sai wani ɗalibi daga Maiurno, garin da ayarin Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin kogi kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903. Kakarsa takan ce "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne", shi kuma yana so ya san wace gajiya ake nufi, da kuma ko karin maganar ya yi daidai da tawali'un da Kirista suke koyarwa.

Ɗana, gajiyawa a nan ba ta jiki ba ce, gazawa ce, irin wadda ake nufi in an ce gajiyayye. Wada kuwa shi ne mutum mai matuƙar gajarta. Ma'anar ita ce idan ka rusuna wa wanda ka fi, ba don ka kasa ba ne, kuma wasu sukan ƙarasa da cewa ba ya hana ka tashi da tsawonka. Karin magana ne mai kyau, yana kwantar da hankalin babba idan ya je bikon matarsa ko ya ba ƙaninsa haƙuri. 'Yan'uwansa su ne "girman kai rawanin tsiya", "yabon kai jahilci", da kuma wanda na fi ganin zurfinsa, "babba juji ne", wato kowa ya kwaso shararsa a kansa zai zuba, shi kuma ya shanye. A Littafi Mai Tsarki, Littafin Karin Magana 16:18 ma ya ce girman kai yana gaba, halaka tana biye.

Duk da haka ba zan ce maka sun yi daidai ɗari bisa ɗari ba. Mai durƙusa wa wada har yanzu wada yake kiransa a zuci, yana kuma ƙirga tsawon da zai tashi da shi. Sau da yawa ma muna faɗin karin maganar ne idan akwai abin da muke nema a hannun wadan. Filibiyawa 2:3 ta wuce nan, domin cewa ta yi kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi, wato a daina awon tsawon gaba ɗaya. Haka abin yake a wajen alheri. Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ya kuma ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Gayyarmu, wadda mutanen Sudan suke kira nafir, a kan wannan ta tsaya: ka zo gonata yau, in zo taka gobe, kuma ba laifi ba ne, da shi ƙauyuka suka rayu. Amma a Luka 14:12 zuwa 14 an ce wa mai shirya liyafa kada ya gayyaci waɗanda za su rama masa, ya kira matalauta da guragu da makafi. Wannan wankin tukunya ne da ba tuwon gobe a cikinsa, sai sakamakon Allah. Hausa ba ta rasa sunansa ba, shi ne abin da muke cewa "don Allah", wanda kishiyarsa riya ce ko ganin ido.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, na ga irin wannan a wuraren dafa abincin sadaka da ake kira takaya. A wata makaranta da aka tsugunar da 'yan gudun hijira, wata dattijuwa Kirista daga Duwatsun Nuba ita ce take ɗaukar aikin da kowa yake kauce wa, kankare ƙanzon manyan tukwanen adas (wani irin wake) da toka da yashi bayan an gama rabo an watse. Matanmu Hausawa da suke tuƙi tare da ita Inna suke ce mata. Ba ta san sunayen yawancin masu cin abincin ba, kuma da yawansu washegari sun kama hanyar wani gari.

Akwai kuma wata yarinya daga Kassala da ta tambaya a taƙaice ko yin tambaya yana cikin tawali'u, domin a ajinsu ana yi wa mai yawan tambaya dariya. 'Yata, yana ciki, kuma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. A Ayyukan Manzanni sura ta 8 akwai ma'ajin sarauniya Kandaka, laƙabin sarauniyoyin Marawi ta da, wadda dalolinta suke tsaye har yau arewa da Shandi. Babban mutum ne mai karusa, duk baitulmalin sarauniya yana hannunsa, yana karanta littafin Annabi Ishaya a hanya. Filibus, wanda yake ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan masu rabon abinci, ya matso ya tambaye shi ko yana fahimtar abin da yake karantawa. Ma'ajin ya ce ina zai fahimta in ba wani ya yi masa jagora ba, ya kuma roƙi Filibus ya hau ya zauna kusa da shi. Gobe in kin shiga aji, ki ɗaga hannunki.