Kada ka kai wa mai gyara tukuna, ka fara danna Test

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru, domin abin da ka faɗa kamar a ɗakina ka tsaya ka gani. Ka ce ka haɗa sifikoki biyar da wufa, wato babbar sifikar da ke fitar da dukan ƙasa, a kwamfutarka ta tebur, na gaba biyu ne kaɗai ke magana, na baya ko tari ba sa yi, in kuma ka sa fim sai ƙarar mota da harbi su cika ɗaki amma maganar mutane sai ka kasa kunne. Kana tambaya ko ka mayar wa mai shago ko ka kai gyara. Don Allah kada ka kai ko'ina tukuna.

Ni na kai, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Wata uku ina tara kuɗin kayan nan. Da na ga na baya sun yi shiru sai wani abokina ya haɗa ni da wani mai gyara, ya ce gwani ne. Mutumin nan ko kunna kwamfutar bai yi ba, ya leƙa bayanta ya ce sashen sauti ya ƙone, sai an sayi sabon kati. Na ba shi kuɗi. Mako biyu ina sintiri, yau ya je kasuwa, gobe yaronsa ya tafi da makulli. Ranar da ya zo gida ba kati a hannunsa, sai fulaya da salatif. Ina tsaye ya yanke wayoyin sifikokin baya, ya murɗe su tare da na gaba, ya naɗe. Duk suka ɗauki sauti, na yi ta yi masa godiya, har na ƙara masa na mota.

A daren na kira ƙannen matata da abokaina biyu mu kalli fim, an kawo shayi, kowa ya sami wuri. Ba mu yi rabin awa ba sai warin ƙonewar roba ya tashi, wufar ta yi wata 'yar ƙara ta mutu, komai ya ɗauke. Na taɓa bayanta na janye hannu don zafi. Ba wanda ya ce uffan, wannan shirun shi ya fi ƙona mini rai. Daga baya na gane abin da ya faru: sifika biyu masu om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta) in ka murɗe wayoyinsu tare irin yadda ya yi, sun koma om 2, amfilifayar da ke cikin wufar za ta yi ta jan wutar da ta fi ƙarfinta har ta ƙone. Da safe na same shi, ya dube ni ido cikin ido ya ce wutar gidanmu ce. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuɗin katin ma har yau shiru. Na bar shi da Allah, amma ban manta da fuskarsa ba a lokacin da yake faɗin haka.

Abin takaicin, da na sake tara kuɗi na sayi wasu, ɗan yayata ne ya gyara matsalar cikin minti biyu. Windows ɗin a kan Stereo take tun farko, wato layin sauti biyu kawai, hagu da dama. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka zaɓi Speakers, ka shiga Configure, ka mayar da shi 5.1 Surround, wato sifika biyar da wufa ɗaya, ka danna Test. Kowace sifika za ta yi ƙara ita kaɗai, ɗaya bayan ɗaya. In duk sun amsa, kayanka lafiyarsu lau.

Ka kuma duba launin ramukan baya. Kore na gaba ne, baƙi na baya, mai ruwan lemo na tsakiya da wufa. In kwamfutarka rami uku kawai gare ta, kore da shuɗi da ruwan hoda, kada hankalinka ya tashi, a manhajar Realtek yawanci ana iya mayar da shuɗin na baya, ruwan hodan kuma na tsakiya da wufa, sai dai ka rasa ramin makirfo na baya. In laftof ce mai rami ɗaya, layi biyu kaɗai take fitarwa, sai ka nemi ɗan akwatin sauti na USB mai 5.1. Kada kowa ya sayar maka da wayar nan mai raba rami ɗaya gida uku ya ce ita ce mafita, sautin gaba kawai take maimaitawa.

Maganar 'yan fim da ba ka ji, kusan dukkanta ta sifikar tsakiya take fitowa. Lokacin Test ka kasa kunne: in hoton ta tsakiya ya haska amma wufa ce ta yi gurnani, layukan sun juye, a manhajar Realtek akwai wurin da aka rubuta Swap Center/Subwoofer, ka sa masa alama. Ni sai da na ƙara wa ta tsakiya desibel 3 a kan sauran kafin mahaifiyata, da kunnenta ya fara nauyi, ta daina tambayar me aka ce. A dai cikin Configure ɗin za a tambaye ka ko sifikokinka full-range ne, wato masu iya fitar da kowane sauti har da dukan ƙasa. In ƙanana ne irin namu kada ka sa alamar, ka bar dukan ƙasa ya tafi wufa. Ana yawan faɗin a raba a haz 80, wato duk sautin da ya yi ƙasa da nan ya tafi wufa, amma 'yan ƙananan nan da ba su fi kofin shayi ba sun fi jin daɗin 120.

Af, me kake kunnawa ma kake gwajin? Waƙoƙin MP3, bidiyon Facebook, da galibin abin da ake kallo a YouTube ta burawuza duk layi biyu ne. Ba a ɗauki komai domin na baya ba, shirunsu ba laifi ba ne. Ka buɗe fim a VLC ka danna Ctrl da J, in ka ga 3F2R/LFE to sautinsa 5.1 ne na gaske. In kana son waƙa ta cika ɗaki akwai Speaker Fill, mai watsa sautin layi biyu ga duk sifikokin, ni dai ba na barinsa a kunne lokacin fim. Wanda kuma ya haɗa da wayar optika ya sani ba ta ɗaukar layi shida sai an matse su da Dolby Digital ko DTS, shi ya sa wasanni ke fita da layi biyu a kanta. HDMI ba ta da wannan matsalar.

Wurin ajiyewa kuwa, na ga mutane suna jera duka biyar a kan tebur ɗaya, wallahi abin yana ba ni tausayi. Ta tsakiya daidai ƙarƙashin allo, tana kallon fuskarka. Na gaba biyu, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kanka, wato digiri 30 kowane gefe. Na baya ba a ƙeyarka ake sa su ba, gefe ne da ɗan baya, wajen digiri 110, sama da kunne kaɗan. Ni tef ɗin ɗinkin matata na ara na auna daga kujera zuwa kowacce. Sauti yana cin santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wadda ta fi kusa da kai ita za ta riga isa ta janye komai wajenta. In ɗaki ya hana ka daidaita su, ka shigar da tazarar a Room Correction na manhajar Realtek. Sannan ka sauke manhajar auna ƙara a waya, ka riƙe ta inda kanka yake zama, ka rage ko ka ƙara har kowace sifika ta ba ka lamba ɗaya.

Wufa kuma ɗora ta a kan kujerarka, ka sa waƙa mai duka, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji dukan ya fito tas ba ruri, nan ne wurinta. A lungu ƙararta ƙaruwa take amma sai ta dagule. Ɗakina tayil ne, sai da na shimfiɗa darduma na rataya labule mai kauri kafin amsa-kuwwar ta kwanta. Ka riƙa kashe wufar kafin a juya layi zuwa janareto, kuma da dare ka tausaya wa maƙwabta, dukan nan ratsa bango yake yi ko da kai ba ka ji ya yi yawa ba.

Ka ɗauki hoton bayan kwamfutar da na bayan wufar ka turo mana, ka faɗi waɗanda suka amsa a Test da waɗanda suka yi shiru. Ina nan bayan isha'i in sha Allahu. Kafin nan kada ka bari kowa ya kusanci wayoyinka da fulaya.