Amsa ga ƙanenmu mai lambu a Ajiwa: rediyon 433 da ya ƙi kai saƙo

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun da safe, cewa ka haɗa FS1000A, ɗan allon rediyo mai aika saƙo a mitar 433 MHz, da Arduino, ƙaramin allon da ake rubuta wa kod, don ka riƙa samun labarin danshin ƙasa daga lambun Baba a wajen Ajiwa. A kan tebur komai lafiya lau, amma da ka fita fili ko taku ashirin saƙo ba ya kaiwa, risiba, wato mai karɓar saƙon, sai shirme take zubo maka, kuma da ka kunna na aikawa uku tare komai ya cakuɗe. Wallahi da na karanta sai da na ji tausayinka, domin wannan ciwon na sha shi. Na ga wasu sun ce ka watsar ka sayi LoRa, wani nau'in rediyo mai cin dogon zango. Dakata tukuna, kuɗin ɗalibi ba na wasa ba ne.

Ko sau ɗaya ba ka ambaci eriya ba, kuma nan na fi zargi. Ƴan allunan nan haka suke zuwa, da ɗan rami a kusurwa wanda ba komai a cikinsa. Nemi wayar tagulla mai silli ɗaya, ka yanka santimita 17.3, ka liƙa da dalma a na aikawa da na karɓa duka. Lissafin ba wuya: raba 300 da 433, za ka samu kusan mita 0.69, wato santimita 69, tsawon igiyar rediyon ke nan, rubu'insa kake so. A miƙe, a tsaye. Kada ka nannaɗe ta don ta shiga kwali, kada ɗaya ta tsaya ɗaya ta kwanta. Ka ɗaure a kan gora ta ɗara tsayin shuka, na gida kuma ka fito da ita daga ƙarƙashin rufin kwano.

Shirmen da kake gani kuwa ba lalacewa ba ce. Risibar nan mai arha, XY-MK-5V, idan ba ta ji kowa ba sai ta yi ta ƙara wa kanta ƙarfin ji har ta fara kwaso hayaniyar iska. Shi ya sa ba a tura mata rubutu tsirara. Sa laburaren RadioHead, wani shiryayyen kod na Arduino, ka yi amfani da ɓangarensa mai suna RH_ASK. Shi yana fara aika ɗan share fage don risiba ta daidaita, sannan yana bincika saƙon, in ya gurɓata ya watsar. Bar shi a gudun bit 2000 a daƙiƙa da yake zuwa da shi, kada ka ƙara gudu. In ka samu ɗan canji, risibar RXB6 ta fi ta kunne nesa ba kusa ba, kuma ba sai ka taɓa kod ɗinka ba.

Amma maganar wuta, ƙanena, ita ce ta kusa fitar da ni daga sana'ar nan. Wani Alhaji mai noman rani ta ɓangaren Daura ya ba ni aiki, tumatir da albasa, yana so ya riƙa ganin wane fangali ne ya bushe ba sai yara sun zagaya ba. Na yi odar batirin litiyam samfurin 18650 wurin wani dila da aka haɗa ni da shi. Mutumin nan ya rantse mini da Allah cewa sababbi ne dal, na kamfani, har hoton kwali ya turo. Suka iso da riga mai sheƙi, na ɗora mita, bolt 4.1, na ce alhamdu lillahi. Ranar nuni Alhaji ya gayyato abokansa, aka shimfiɗa darduma gindin mangwaro, aka kawo shayi, ni kuma na buɗe kwamfuta a gabansu. Saƙo biyu suka shigo, daga nan tsit. Na ruga gona cikin rana, na dawo, na sake rugawa, rigata ta jiƙe sharkaf. Direban Alhaji yana jingine da mota yana ƙunshe dariya. Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce, "Injiniya, ko sai bayan la'asar ne?" Abokansa suka kwashe da dariya. Har yau in na tuna kalmar nan ta injiniya a bakinsa sai in ji kunya ta rufe ni.

Da dare na sa reza na yage rigar batir ɗaya. A ƙasa ga tabon walda inda aka ɓamɓaro shi daga tsohon batirin laftof, ga tsatsa a gefen kai. Tsofaffi ne aka sake musu riga. In ba a jan wuta sai su nuna maka 4.1, da allo ya farka zai aika saƙo sai su zube ƙasa da bolt 3, komai ya mutu ya sake tashi. Na kira dilan, ya ce wai kaya in ya bar shago ya bar shago. Na tura masa hoto, ya toshe lambata. Mutumin da ya kira ni ɗan'uwa a waya! Aikin ya kuɓuce mini, kuɗin kayan na biya daga aljihuna, kuma a yankin nan har yanzu akwai masu ce mini mai rediyon da ba ya magana. Shi kuwa na ji yana nan yana ciniki abinsa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba tukuna, gaskiya ce.

Don haka auna batirinka lokacin da yake aiki, ba yana zaune ba. Duk 18650 da ka ga an rubuta 9900 mAh a jikinsa ƙarya ce tsagwaronta, na ƙwarai ma a wajen 3500 suke tsayawa, kuma na ƙwarai yana da nauyi a hannu, kusan giram 45. Sa kafasito biyu dab da ƙafafun wutar risiba, 100 nF da wani kamar 100 µF. Kada ka ba ta wuta daga cajar waya ta bakin titi, hayaniyarta kaɗai ta isa ta kurmantar da ita. Injin ban ruwa mai fetur ma fuloginsa yana watsa tasa, ka nisanta. FS1000A tana ɗaukar har bolt 12, kuma gwargwadon wutar da ka ba ta gwargwadon nisanta.

Na ukun da suke cakuɗewa, kamar mutum uku ne suke yi wa kurma magana lokaci guda. Duk a 433 suke, ba mai sauraron wani. Ba kowace lambarta a farkon saƙo, ta aika a taƙaice, ta yi barci kamar minti goma ko sha biyar, ka ƙara mata ƴan daƙiƙoƙi na kan mai uwa da wabi don kada su riƙa farkawa tare. Ƙasa ba ta bushewa cikin daƙiƙa ɗaya, ba ka bukatar saƙo kowane lokaci. Arduino Uno kuma ka ajiye ta a gida, cin wuta gare ta, ƙaramar Arduino Pro Mini ta fi dacewa da gona.

Ba ka tambaya ba, amma in sensar danshinka mai ƙafa biyu ce ta ƙarfe tsirara, tsatsa za ta cinye ta kafin a cire tumatir. Nemi wadda ake ce wa kafasitib, ka shafe gefenta da samanta da gam don ruwa. Kwalin ma ya zama fari kuma a inuwa, domin zafin Afrilu na Katsina yana wuce digiri 40, batirin litiyam kuma ba a so a caje shi sama da 45.

In lambun ya kai kilomita daga gida, to nan ne maganar LoRa ta taso. Ra-02, wani allon LoRa, bolt 3.3 take so, kuma kada ka kuskura ka sa ta aika ba eriya. Kafin nan turo mana hoton haɗin naka, gaba da baya, da batirin, mu ga rigarsa.